Sachal Tak da Kwanon Innarsa

Yaran yanzu ba su san sachal ba. Ka tambayi saurayi ɗan majami'a, sai ya zaci sunan maganin ciwon baya ne. Masu ilmin rubutun Sin sun ce kalmar tana nufin mai sa ido, mai kula da abin da aka bar masa. To, su suka yi karatun. Mu da muka tashi a Gunsan bayan yaƙi, abin da muka sani shi ne, sachal mutum ne da majami'a ta ba shi ɗaki ɗaya a jikin ƙofar gida, ta miƙa masa tsintsiya da makullai da gudumar ƙararrawa, sannan ta manta ba ta gaya masa ranar hutu ba. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Shi ke hura murhu da hunturu, shi ke korar karnuka da mashaya, kuma shi ke tsaron takalma, don a lokacin a ƙasa ake zama kan katako, kowa sai ya tuɓe a bakin ƙofa. Takalman nan kuwa duk na roba ne, farare da baƙaƙe, kamar uwa ɗaya ta haife su. In ba mai sa ido, sai mutum ya zo da tsoho ya koma gida da sabo yana rera waƙar yabo.

Sachal na majami'ar kan tudu, wadda ke kallon tashar jiragen kamun kifi, shi ne Tak Sam-dol, ɗan goggonmu. Taubashinmu ne, saboda haka duk abin da za a faɗa a kansa a nan ba inda zai kai ƙara, balle ma yanzu yana wurin da a ƙarshe aka samu ya kwanta waje ɗaya.

Shi dai Sam-dol an halicce shi ne ba a sa masa wurin zama ba. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsa ta ce ba kuka ya fara yi ba, dube-dube ya fara yi yana neman hanyar fita. In ya je aski, sai wanzami ya yi ta binsa da aska suna zagaya kujera, a gama aski wanzamin ne ke haki. Hoton aurensa yana nan har yau: ga amarya zaune tsaf, a gefenta kuma wani farin hazo mai kunne ɗaya. Akwai waɗanda suka rantse inuwarsa ta gaji da shi tun yana saurayi, ta koma jiransa a gida.

A arewa aka haife shi, a lardin Hwanghae, kamar mu duka. Da yaƙi ya matso, aka cusa shi a kwalekwale shi da innarsa da babanmu, wanda ƙanen innar ne. Nasa uban ya ce su yi gaba, zai tsaya saniya ta haihu ya biyo su. Har yau saniyar ba ta gama haihuwa ba. Goggo ma ba ta iso kudu ba. A wani ɗan tsibiri da suka raɓe cikin sanyi abinci ya ƙare, sai ta riƙa tura wa ɗanta nata dunƙulen shinkafar tana cewa cikinta ne ya ɓaci, shi kuwa ƙato marar kai yana karɓa yana haɗiyewa. A can suka binne ta, da hannu da guntun katako suka tona. Tsibirin yanzu yana ɗaya gefen layin da sojoji suka ja, ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya sauka.

A Gunsan ba sana'ar da Sam-dol bai sa wa hannu ya cire ba. Ya yi tallan alewa, yana kaɗa ƙaton almakashin nan na masu alewa, amma kafin yara su gama kiransa ya yi unguwa biyu. Ya shiga jirgin kamun kifi, tun ba a yi nisa da gaɓa ba ya auna jirgin da ƙafa ya ga ba wurin yawo, ya faɗa ruwa ya iyo ya dawo. An sa shi gadin sito, ɓarayi suka zo suka tarar mai gadi ya tafi duba ko sauran sitocin garin suna lafiya.

Tsohon faston majami'ar ne ya gano maganinsa. Sam-dol ya hawo tudu da dakon kwanon rufi, aka ba shi abinci, ya ci a tsaye, kuma kafin ya haɗiye lomar ƙarshe ya share farfajiya, ya jera takalman matan da ke addu'a a ciki, ya raka wani kare har gindin tudu.

Fasto ya ce, “Ɗan nan, kana da wurin kwana kuwa?”

“Ina da su da yawa, Fasto.”

“To ga guda ɗaya, ka gwada shi. Zama a cikin majami'a zai kashe ka, amma ƙofa irinka take nema.”

Haka ya zama Sachal Tak. An yi masa baftisma, ko da yake sai da Fasto ya bi shi da kwanon ruwan har bakin taga. Aka aura masa wata 'yar Seocheon mai gyaran kifi a tasha, mace mai murya kamar ta jirgin ruwa, 'yar ƙungiyar mawaƙa, suka haifi Yeong-ja. Shekaru suka yi ta wucewa yana kai da komo tsakanin ƙofar gida da ƙofar majami'a da ƙararrawa, wadda wata doguwar tukunyar gas ce da sojojin Amurka suka yar aka rataye a itace. Addininsa kuwa duk abin da ya yoyo ta tsagar ƙofa ne. Ya san farkon kowane labari, bai san ƙarshen ko ɗaya ba. Ya daɗe yana jimamin wani bawan Allah da kifi ya haɗiye, sai da Yeong-ja ta shiga makaranta ta gaya masa ai mutumin ya fito.

Duk shekarun nan, babanmu ne ke ciyar da Goggo. Ran bikin sabuwar shekara da ran Chuseok, wato bikin girbin kaka, in an jera wa magabata abinci, sai ya ƙara kwano ɗaya a gefe ya ce na yayarsa ne. Sam-dol yakan leƙo ta katanga, ya ga kwanon, ya wuce da saurinsa, hankalinsa kwance. To, a shekarar da nake ba ku labari, Baba ya rasu da bazara. Ana saura kaɗan Chuseok babban yayanmu ya aika a kira Sam-dol.

“Zauna mu yi magana.”

“Ina ji a haka, Yaya.”

“Baba ya yi wa yayarsa kara ne, don a lokacin ba a san inda za a kama ka ba. Amma 'ya mace in ta yi aure, a gidan miji take cin abinci, da rai ko ba rai. Ga ɗanta nan da ɗaki da mata da furfura. Daga bana kwanon Goggo yana hannunka.”

“Haba Yaya, ka san inda nake kwana kuwa? A jikin majami'a fa nake!”

“To ka roƙi Allahnku ya ɗan matsa mata. Tsohuwa ce, ba ta cin wuri.”

Ba abin dariya ba ne, ko da yake mun yi dariyar. A majami'ar kan tudu, jera wa matattu abinci a durƙusa musu bautar gumaka ce, ba wani sassauci. Mai riƙe da wannan doka kuwa shi ne Dattijo Ok, mai shagon gishiri, dogo, busasshe, wanda in ya yi murmushi sai mutane su duba sama ko hadari ne. An ce shi babban ɗa ne a wani babban gida a arewa, da ya tuba ya kwashe allunan magabatansu ya ƙone a tsakar gida, ubansa ya mutu bai sake kiran sunansa ba. Mutumin da ya biya wannan farashi ba zai yi wa wani ragi ba. In ya kama Sam-dol, makullai sun tafi, ɗaki ya tafi, ga hunturu a bakin ƙofa. In kuma Sam-dol bai jera abincin ba, innarsa za ta wuni ran biki tana raɓe-raɓe a ƙofar gidajen mutane, tana tsintar ɗan abin da ake watsa wa fatalwowi marasa dangi. Matar da ta mutu da yunwa don shi. Kuma kamar da gayya, Chuseok na shekarar ya faɗo ran Lahadi.

Mutumin da dama ba ya zama, yanzu ko tsayuwa ta gagare shi. Ya share farfajiya har ƙasa ta yi rami. Ya goge makullai har haƙoransu suka fara cinyewa. Ya ɗauki cokali zai ci abinci, ya dubi shinkafar, ya ajiye, ya fita ya zagaya majami'a ya dawo ya sake ɗauka.

Matarsa ta ce, “Baban Yeong-ja, ko dai ƙuma ce a wandonka? Ka shigo ko ka fita, kana juya min kai.”

Ya tsaya a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. “Uwar Yeong-ja, abincin bikin nan... in da hali, kada ki sa tafarnuwa.”

Ta ajiye wuƙa a hankali. “Barkono fa?”

“Shi ma.”

“Kifin kuma a bar shi da kansa da jelarsa, ko?”

“In ba damuwa.”

“Kai, dube ni nan. A layin gaba nake tsayawa in ana waƙa. Girkin matattu ke nan fa. Ka san abin da kake tambaya ta kuwa?”

“Cikina ne ya ɓaci.”

“Duk danginku da ciwon ciki kuke ƙarya!” Ta ɗauki wuƙar ta datse kan wani kifi da bai yi mata laifin komai ba, sannan ta ware wani ta ajiye shi a gefe da kansa. “Ni abincin biki zan dafa. Abin da mutum ya yi da kwanonsa bayan na fita, shi ya jiyo. Amma ka sani, ranar da aka watso mana tabarma waje, fatarka zan feɗe in rufa da ita.”

Wani zai ce ai shi ke nan, a rufe ɗaki a yi abin a ɓoye. Wanda ya faɗi haka bai san matattu ba. Matacce ba ya shigowa ta katanga kamar ɓarawo. Sai an wangale masa ƙofar gida, an sauke igiyar shanya kada ta shaƙe shi, an kawar da duk wani jan abu daga hanya. Ga shi kuwa kaka ce, tsofaffin matan majami'a sun shimfiɗa jan barkononsu a farfajiya tabarma bayan tabarma, don nan ne rana ta fi zama. Ran Asabar da yamma Sam-dol ya bi tabarmin nan kamar guguwa, ya juye na kowa a buhu ɗaya, ya cusa a rumbun itace.

Wata tsohuwa ta hawo tudu da sandarta ta tarar da tabarma fayau. “Sam-dol! Ina barkonona?”

“Hadari na gani, Kaka.”

Ta ɗaga kai. Sama kamar an wanke ta da sabulu. “Hadarin gidanku! Ka haɗa min nawa da na matar mai gawayi? Nata duk tsutsa ne!”

Kafin ta gama zagin ya sauke igiyar shanya, ya naɗe, ya ɓace bayan majami'a.

Saura abu biyu, kuma su suka fi cin ransa. Na farko gicciyen katako da ke saman ƙofar gida. Innarsa ba ta taɓa shiga majami'a ba, mace ce da ko ɗan sanda ta hango sai ta sake hanya, yaya za ta yi ta wuce ƙarƙashin wannan? Ya yi tunanin buɗe mata ƙaramar ƙofar baya, sai ya tuna ta nan masu kwasar masai ke shiga, ya ji kunya ta rufe shi. Sai ya hau tsani ya lulluɓe gicciyen da buhun shinkafa, yana ba shi haƙuri. Na biyu ƙararrawa. In ya doka tukunyar nan yadda ya saba, kifin cikin teku ma sai ya firgita, balle tsohuwa da ta yi tafiya tun daga tsibiri da yunwa. Ya naɗe kan gudumar da tsohuwar rigar sanyinsa, ya ɗaure tam.

Ran Lahadi da safe Dattijo Ok ya hawo tudu cikin farar doguwar riga, ya tsaya a ƙofar gida, wadda aka wangale har ta jingina da katanga.

“Sachal, ƙararrawa na ji ɗazu, ko saniya ce ta yi gyatsa?”

“Gudumar ce ta tsage, Dattijo, na ɗaure ta.”

“Wannan buhun fa?”

“Fenti na shafa, bai bushe ba.”

Dattijo ya shaƙi iska, doguwar shaƙa. Ya dubi farfajiya, ba barkono. Ya dubi turakun shanya, ba igiya. Ya tuɓe takalmansa ya shiga. Sam-dol ya juya takalman suka fuskanci waje.

Dabararsa ita ce wa'azi. Tsohon fasto ya daɗe da rasuwa, sabon kuwa matashi ne daga Seoul wanda in ya hau mumbari sai shinkafa ta nuna a gona kafin ya sauko. Mutane suka gama shiga, sabbin riguna na biki suna ƙara, aka yi waƙa, ya ji muryar matarsa ta danne ta kowa. Da ya ji Fasto ya gyara murya, sai ya ja ƙofar majami'a a hankali ya ruga.

Ya jawo ɗan teburinsu mai gajerun ƙafafu ya kafa a jikin bango. Sabuwar shinkafa a kwano, miya, kifi da kansa, magarya, tuffa da ya yanke wa hula don ta ji daɗin ci, da 'yan wainar songpyeon da Yeong-ja ta murɗa. Yana cikin jerawa ya ji motsi wajen takalma, ya ruga, ashe kaza ce. Ya dawo ya manta ko kan kifi gabas yake kallo ko yamma, ya juya shi, ya sake juya shi, har kifin ya fara jin jiri. Ya ji kamar an taɓa ƙofar majami'a, ya sake rugawa, ba kowa. Ya dawo ya kunna turare, ya zaro 'yar kwalbar giyar shinkafa daga cikin matashin kai, abin da shi kaɗai ya isa a kore shi sau biyu. Ya zuba, ya zagaya ƙoƙon a kan hayaƙi, ya ajiye. Ya leƙa waje ya dubi ƙofar gida, tana buɗe, hanya fes, rana ta zubo ciki.

Ya kai goshi ƙasa sau biyu. Muryarsa ta fito ƙarama.

“Inna, ni ne Sam-dol. Kawu ya tafi, ƙila ma kun haɗu. Ki yi haƙuri da wurin, gidan mutane ne. Waƙar da kika ji ba da ke suke ba. Shinkafar bana ce, Inna. Ki cinye, ni na ƙoshi.”

Ya soka cokali a tsakiyar shinkafar, ya daidaita tsinkayen cin abinci a kan kifi, ya fito da baya, ya ja ƙofar takarda ya rufe. Haka ake yi. Ba a tsayawa a kan matacce yana ci. Sai a fita a rufe masa ƙofa, a jira a waje da kai sunkuye gwargwadon yadda tsohuwa marar haƙori za ta ci ta ƙoshi, sannan babban ɗa ya yi gyaran murya sau uku don ta san za a shigo.

Abin da ya manta shi ne ruwan sha'ir. Kullum shi ke ajiye wa Fasto butar wannan ruwa a gefen mumbari don jiƙa maƙogwaro, yau kuwa butar tana cikin ɗakin, a bayan ƙofa. Bai fi ɗan lokaci da tsayawa ba ya ji ƙofar majami'a ta buɗe. Dattijo Ok ya zura takalmansa ya nufo shi, daga ciki kuma ana jin Fasto yana tari kamar ya haɗiyi ƙaya.

“Sachal, ina butar Fasto?”

“Yanzu zan kawo, Dattijo.”

“To kawo.”

Sam-dol bai motsa ba. Mutumin da ƙudaje suka daina sauka a kansa don ba ya ba su dama, ga shi ya kafe a gaban ƙofa kamar turke. Ta wata 'yar huda a takardar ƙofa siririn hayaƙin turare yana fitowa, ya bi ta gefen kunnensa, ya nufi hancin Dattijo kai tsaye kamar an aike shi.

Dattijo ya ce, “Wa ke ciki?”

“Inna ce. Yanzu ta fara.”

“Ka san a gidan wa kake tsaye?”

“Na sani, Dattijo.”

“Matsa daga ƙofar nan.”

“In ta gama. Ba a buɗe wa mutum ƙofa yana cikin cin abinci.”

Dattijo Ok ya fi shi tsawo da kai guda, kuma hannun da ya saba jifa da buhun gishiri ba zai gaza ture Sam-dol ba. Ya ɗaga hannun. Ya tsaya da shi a sama. Sannan ya mayar da shi baya, ya kama shi da ɗayan, kamar yana tsoron kada ya kuɓuce. Suka tsaya, mutum biyu a gaban ƙofar takarda. Fasto yana ta tari. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga, Dattijo ya yi mata kallo ɗaya ta koma. Gumi ya bi bayan Sam-dol ya gangara har cikin safa. Ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta za ta tafi, ya taka ta da ta hagu.

Da ya kintata ta ƙoshi, sai ya buɗe baki zai yi gyaran murya. Ba abin da ya fito. Maƙogwaro ya bushe ƙamas kamar kifin da aka manta a rana. Ya sake gwadawa, sai wata 'yar ƙara irin ta ɓera. Ya dubi ƙofar, ya dubi Dattijo, idanunsa suka kawo ruwa, don ba zai faɗa wa innarsa ɗaki ba sallama ba.

Sai Dattijo Ok ya kau da kai gefe, ya yi gyaran murya. Sau uku, a tsanake, da nauyi, irin na babban ɗa a babban gida, irin wanda ba a koyonsa da girma.

Ya ce, “Ƙurar farfajiyar nan ta yi yawa. Miƙo butar.”

Sam-dol ya ja ƙofa, ya ɗauko butar ya miƙa da hannu biyu. Dattijo bai dubi teburin ba ko sau ɗaya. Ya juya zai tafi, ya tsaya.

“Ka sauke buhun nan kafin a tashi. Bayan sujada ka same mu, ka taho da makullai.”

Majalisar dattawa ta zauna da rana, Sam-dol yana tsaye a bakin ƙofa yana sauya ƙafa. Fasto matashi ba mugu ba ne, har ya fi Sam-dol shiga damuwa. Ya ce in Sachal zai tsaya gaban jama'a ya yi alkawari ba zai sake ba, a bar maganar ta mutu a nan.

Sam-dol ya ce, “To baɗi fa, Fasto? Wa zai ba ta?”

“Sachal Tak, waɗanda suka rigaye mu suna hannun Allah, ba sa bukatar shinkafa. Ranar tunawa da ita ni da kaina zan zo ɗakinka mu yi waƙa mu yi addu'a.”

“Addu'a tana da kyau, Fasto, na gode. Amma Inna da yunwa ta mutu.”

Fasto ya dubi Dattijo Ok, ko zai ce wani abu. Dattijo yana kallon katakon ƙasa. Can ya ce, “Ba a cikin katangar nan ba.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sam-dol ya kwance makullan daga ƙugunsa ya ajiye su a gaban dattawa. Ƙugun ya saba da nauyinsu, sai da ya yi tangaɗi da ya juya.

An ba su har a gama girbi. Uwar Yeong-ja ba ta feɗe shi ba, amma ta daina yi masa magana kai tsaye, sai ta hanyar tukunya. “Tukunya, ki gaya wa wancan mutumin ya ɗaure tabarmi.” Ta samo musu ɗaki a gindin tudu, bayan masu busar da kifi, inda wari ke da nauyin da za ka iya jingina da shi. Ranar tashi aka loda komai a amalanke ɗaya: bargo, tulunan tsimammen kabejin kimchi, ɗan teburin nan a sama ƙafafunsa na kallon sama. Sam-dol ya kama gaba, matarsa da Yeong-ja suna riƙe da baya kada ta ƙwace a gangara.

Matattu ba sa sanin an yi ƙaura sai an gaya musu, in ba haka ba baɗi tsohon gida za su nufa su tarar da baƙi. Don haka a bakin ƙofar gida Sam-dol ya tsayar da amalanke, ya cire hula, ya yi magana da ƙarfi, gaban sabon sachal da ke riƙe da tsintsiya yana kallonsu.

“Inna, mun tashi daga nan. Ki biyo ni ki ga hanya.”

Ya ja amalanke. “Nan gangara ce, Inna, ki bi a hankali. Kin ga shagon mai gawayi? Dama za ki yi. Kula da kwata, murfinta ya karye.” Mutane suka fito ƙofar gidajensu. Yeong-ja ta sunkuyar da kai kamar ta shige cikin tulu. Shi kuwa ko a jikinsa, yana ja yana waiwaye yana nuna mata turken lantarki da famfon unguwa da gidan mai ɗinki. Da suka iso mararraba ya karkata hagu. “Nan kuma ta wannan lungun za ki...”

Amalanke ta tsaya cak. Uwar Yeong-ja ce ta ja ta baya da ƙarfin masu ɗaga kwandon kifi.

“Kai dai ba ka da kai tun asali! Ta lungun nan za ka biyo da tsohuwa, ga ƙaton karen mai walda a kwance? Juya, mu bi ta gaban mai awarar tofu.” Ta gyara ɗaurin zanen kanta, ta ɗaga muryar nan tata ta layin gaba, ta yi magana ta saman kayan. “Inna, kada ki biye masa. Hanyar ta fi nisa kaɗan, amma ba kare. Ƙofarmu ita ce mai shuɗin kwano, tana ɗan cijewa, zan sa ya gyara kafin sabuwar shekara.”